Zaitun a Ƙasar Sakkwato: Yadda Za Ka Haɗa Saiwa da Ƙasa Su Tsallake Fari

Shekara shida ke nan da na dasa zaitun goma sha biyu a garkarmu da ke bayan gari, ta hanyar Wamakko. Takwas suna nan da ransu, huɗu sun mutu. Duk wanda na ba wannan labari sai ya ce ai rana ce, wa zai kawo iccen Bahar Rum cikin zafin Sakkwato? To, huɗun nan sun sha bazara biyu, sun ga digiri 42 da 43, ganyensu bai zube ba. A watan Agusta suka mutu, ruwa na sauka kamar da bakin ƙwarya. Su ne waɗanda na dasa a gangaren garkar, wajen da ƙasa ta fara zama laka. Ranar da na tone gindin na farko, saiwar ta yi baƙi, tana wari kamar tsohuwar kwata, ɓawonta yana saluɓewa a yatsa. Na daɗe tsugune a wurin, raina a ɓace, domin da hannuna na zaɓar musu wurin, ina ganin na yi musu gata.

Tun daga ranar na daina kallon ganye na koma kallon ƙasa. Juriyar zaitun ga fari aiki ne na haɗin gwiwa tsakanin saiwa da ƙasar da ta rungume ta, kuma a wannan haɗin ne manomi yake da hannu. Duk matakan da ke tafe daga nan suka fito.

Yadda saiwar take

Mu nan mun saba da gawo da aduwa, itatuwan da ke aika saiwa guda ta nutse can ƙasa neman ruwa. Zaitun ba haka yake ba. Wanda aka samar daga yankan reshe, kuma mafi yawan dashen kasuwa haka suke, ba ya da uwar saiwa mai nutsewa. Yawancin ƙananan jijiyoyin da yake sha da su suna tsakanin santimita 15 zuwa 70 daga saman ƙasa, sai dai suna bazuwa gefe-gefe har su ninka faɗin inuwarsa sau biyu ko uku. A ƙasa mai yashi wasu kan ƙara nutsewa, amma dabararsa ta asali ita ce shimfiɗa taru mai faɗi, duk ɗigon da ya sauka ya kama shi.

Ruwa yana shiga icce ne ta ƴan siraran jijiyoyi masu kaurin zare, waɗanda ke manne da ƙwayoyin ƙasa. Muddin da laima, akwai ɗan siririn ruwa da ke haɗa jijiya da ƙasa, kamar lagwani da kananzir. Idan fari ya zo, ƙasar da ke jikin jijiyar ita ke fara bushewa, jijiyar kanta ta ɗan motse, sai ƴar kafa ta buɗe tsakaninsu. Da zarar lagwanin ya tsinke, ko da akwai sauran danshi taƙi guda daga nan, ba ya isowa. A wani aiki da aka buga a shekarar 2020, wasu masu bincike biyu, Celia Rodriguez-Dominguez da Tim Brodribb na Jami'ar Tasmaniya, sun auna tafiyar ruwa a jikin zaitun tun daga ƙasa har ganye. Abin da suka gano shi ne mafi girman cikas yana wajen saiwa da mahaɗarta da ƙasa, kuma toshewar wannan wuri ce ke sa ganye ya rufe ƙofofin numfashinsa, tun hanyoyin ruwan da ke cikin kututture suna lafiya lau.

Iccen yana da makamai nasa. Yana tara wani irin sukari da ake kira manitol da wasu sinadarai a cikin ƙwayoyin jikinsa, abin da ke ba shi ƙarfin zuƙo ruwa daga ƙasar da masara ko tumatir sun riga sun yanƙwane a cikinta. Ganyensa ƙarami ne mai kauri, ƙofofin numfashin duk suna ƙarƙashinsa, lulluɓe da ƴan ɓawo masu ruwan azurfa da ke rage fitar tururi. Idan fari ya yi tsanani, tsofaffin jijiyoyi sukan yi wa kansu riga mai kama da toto don kada ruwan da ke cikinsu ya koma ƙasa. Da dare kuma, lokacin da ganye ya huta, saiwar da ke wuri mai laima takan tura ruwa zuwa ƴar uwarta da ke busasshen wuri ta raya ta. Sannan akwai wani farin zare na naman gwari, maikoraiza, da ke zaune a jikin saiwar, yana kutsawa cikin ƴan ramukan da jijiya ba ta iya shiga, yana kawo mata ruwa da sinadarin fosfaras, ita kuma tana ba shi sukari.

Abu guda ne ba ya da maganinsa: rashin iska. Saiwa tana numfashi. Idan ruwa ya cika duk kafofin ƙasa ya kwanta kwana uku ko huɗu cikin ɗumi, ƙananan jijiyoyin sukan shaƙe, cutar ruɓewa ta samu ƙofa. A mahaifarsa ruwa yana sauka ne da sanyi, lokacin da iccen ya lafa, sannan rani ya zo da zafi. Mu kuwa namu ruwan, milimita 600 zuwa 700, yana zubowa cikin wata huɗu, daga Yuni zuwa Satumba, ƙasa na da ɗumi, saiwa na tsananin buƙatar iska. Daga nan sai wata bakwai ko takwas babu ɗigo. Aikinka biyu ne ke nan: ka fitar da ruwan Agusta daga gindinsa, ka kuma riƙe masa laimar Afrilu.

Kafin ka kashe kuɗinka

Dukanmu muna son iccen nan. Allah ya yi rantsuwa da shi a Suratut Tin, ya kira shi mai albarka a aya ta 35 ta Suratun Nur, kuma wannan ne ya sa da yawa daga cikinmu muke marmarin ganinsa a tsakar gida. Amma amana ce in faɗa maka: rayuwa daban, haihuwa daban. Zaitun yana buƙatar makonni na sanyi, dare da rana duka a sassauce, kafin idon reshensa ya juya ya zama fure. Hunturunmu yakan sauko digiri 14 ko 15 da asuba, da rana kuma ya haye 30, kuma zafin ranar yana warware abin da sanyin dare ya ƙulla. Saboda haka samun ƴaƴa a nan abu ne mai wuya. Daga cikin takwas ɗina biyu ne suka taɓa yin ɗan fure, bayan wani hunturu mai tsawo.

Don haka ka fara da biyar ko goma, kada ka share kadada. Ka nemi irin da ba ya buƙatar sanyi mai yawa, kamar Arbequina na Sifen ko Koroneiki na Girka, ka haɗa iri biyu domin iska ke kai musu garin fure. Wanda ya ce maka shekara uku za ka fara cika jarka da mai a Sakkwato, ka riƙe kuɗinka. Ganye, inuwa, da iccen da zai daɗe, waɗannan kam za ka iya samu.

Wajen saye, kada tsawon dashe ya ruɗe ka. Ka roƙi mai shi ya yaga leda ɗaya. Saiwa mai lafiya fara ce ko ruwan madara, da ƴan rassa ko'ina. Idan ta nannaɗe kamar gammo a gindin ledar, ko ka ga ƴan ƙulle-ƙulle kamar ƙwayar gero a jikinta, alamar tsutsar saiwa, bar ta.

Mataki na farko: ka karanta ƙasarka

Wannan matakin shi ne rabin aikin, kuma ba ya cin ko sisi. Ka fara da ido. Bayan ruwa mai ƙarfi na Agusta, ka zaga filin washegari. Duk inda ruwa ya kwana, duk inda ƙafarka ta nutse ta fito da taɓo, ka cire shi daga lissafi. Fadamar Rima da ta Kware ta albasa ce da shinkafa, a bar musu. Jigawa mai ɗan gauraye, ko jangargari mai sauƙin tona, a kan tudu ko gangare mai sauƙi, nan ne gidan zaitun.

Sai ka gina rami guda na gwaji, zurfin mita ɗaya, ka shiga ka dubi bangonsa. Kana neman abu biyu. Na ɗaya, marmara ko wani dandaƙaƙƙen shimfiɗi da diga ke tsalle a kansa. A santimita nawa ya fara, kuma kaurinsa nawa? Na biyu, launi. Ƙasa ja ko ruwan ƙasa bai ɗaya tana shan iska. Idan ka ga toka-toka da ɗigo-ɗigon tsatsa, ruwa yana kwanciya a nan duk damina, ko da saman ya bushe ƙayau ranar da ka zo. Da na san wannan, da huɗun nan suna raye.

Bayan haka ka gwada tsotso. Gina rami zurfin santimita 50, cika shi da ruwa, bari ya shanye, ka sake cikawa. Cikawa ta biyu ita ce shaida. Idan ya ƙafe cikin ƴan awoyi, madalla. Idan ka dawo bayan kwana guda ka tarar da ruwa, wurin bai yi ba. Idan kuwa ya ɓace tun kana tsaye, yashi ne zalla, zai yi, amma ka shirya yawan ban ruwa da yawan taki.

Ga dalilin. Idan ka yanki ƙasa mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi, mita ɗaya zurfi, yashi yana riƙe wa shuka kamar lita 50 zuwa 100 na ruwa, ƙasa mai gauraye kuwa 130 zuwa 180. Bugu da ƙari, ƙwayoyin yashi manya ne, da sun fara bushewa lagwanin nan yake tsinkewa farat ɗaya. Shi ya sa icce a jigawa zai kwana lafiya ya tashi a galabaice. Domin sanin rabon ƙasarka, zuba ta cikin gorar roba zuwa sulusi, cika da ruwa, girgiza sosai, ka ajiye. Yashi zai kwanta cikin minti ɗaya, lallausar ƙasa bayan awa biyu, yumɓu sai kwana ɗaya ko biyu. Idan yumɓun ya haura sulusin abin da ya kwanta, sai da tudu mai tsawo, ko ka canja wuri.

Farar ƙasa ba matsala ba ce. Yankin Kalambaina da kewaye yana kan dutsen da ake yin siminti da shi, kuma zaitun yana cikin itatuwan da ke jure irin wannan ƙasa fiye da lemu ko mangwaro. Ka ɗiga ruwan lemun tsami a kan busasshen ɓarɓashi, in ya yi kumfa to akwai ta. Abin gudu shi ne fako mai kanwa, inda ƙasa ke yin farin ɓawo, ruwa kuma ya ƙi shiga.

Tambaya ta ƙarshe: me aka noma a wurin? Inda aka daɗe ana tumatir, tattasai, attaruhu, yalo, kuɓewa ko auduga, tsutsar saiwa da wata cutar ƙasa mai busar da reshe, Batisiliyom, sukan zauna shekaru. Gonar gero ko dawa ta fi.

Mataki na biyu: tazara

A yankin Sfax na Tunisiya ruwan shekara bai wuce milimita 200 da ƴan kai ba, amma suna noman zaitun babu ban ruwa, irin da suke kira Chemlali. Sirrin tazara ce: mita 24 tsakanin icce da icce, wato itace 17 kacal a kadada. Ka yi lissafin da kanka. Milimita ɗaya na ruwan sama lita ɗaya ne a kan kowace murabba'in mita. Icce guda yana da murabba'i 576, sau 200, ya zama lita dubu 115 da ɗoriya, duk nasa shi kaɗai, saiwarsa na bin filin tana tattarawa. Ƙasar ita ce randarsa.

Mu da ke da ruwa ninki uku, kuma za mu taimaka da rijiya, mita 7 zuwa 8 ya isa. Kada ka matse su don fili ya yi kyau a ido. Ka kuma nisanta su da dogon yaro da turare aƙalla mita 15, domin saiwar waɗannan za ta iso wurin da kake zuba ruwa kafin ta zaitun.

Mataki na uku: rami da dasawa

Faɗi ya fi zurfi. Mita ɗaya faɗi, santimita 60 zurfi. Idan ka ci karo da siririyar marmara, fasa ta da diga har ka ga ƙasa mai laushi a ƙarƙashi. In ta yi kauri ta ƙi fasuwa, kada ka dasa a kanta, kwano ne za ka yi wa iccen. Kakkarce bangon ramin kada ya yi sumul, domin jijiya tana zamewa a kan bango mai santsi ta yi ta zagaye kamar tana cikin tukunya.

Ka mayar da ƙasar da ka fitar, gauraye da taki ruɓaɓɓe wanda ya huce, kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar. Kuskuren da na fi gani shi ne a cika rami da taki zalla. Saiwa takan ji daɗi ta ƙi fita, ramin ya jiƙe kamar soso da damina, da rani kuma ya motse ya rabu da bangonsa. Kashin kaji ɗanye kuwa ƙona ta yake. Ka ɗebo masaki guda na ƙasar sama daga gonar gero ko wake mai lafiya, da ƴan guntayen saiwarsu, ka zuba daidai inda dashen zai zauna. Da ita kake kawo farin zaren nan. Kada ka biyo shi da takin zamani mai yawa, fosfaras idan ya yi yawa iccen yakan daina ƙawance da zaren.

Yanzu ka tara ƙasar ta zama ɗan tudu, santimita 25 zuwa 30 sama da fili, mai faɗi kamar faifai babba, ba mai tsini ba. A kan tudun za ka dasa. Yanke ledar gaba ɗaya, warware jijiyoyin da suka fara zagaye, ka datse waɗanda suka ƙi miƙewa. Wuyan dashen ya tsaya daidai inda yake a leda, kada a binne shi. Danna ƙasa da tafin hannu, sannan ka zuba jarka guda a hankali. Wannan ruwan farko aikinsa ya manna ƙasa da saiwa ya kori kafofin iska manya. Kafa turke ta gabas, inda iskar hadari ke bugowa, ka ɗaure da tsumma sako-sako. Sai shinge, kuma a ranar, ba gobe ba. Akuya ba ta jira.

Lokaci? Wanda ke da rijiya, ni na fi son ƙarshen Satumba zuwa Oktoba: ƙasa da sauran laima, hatsarin Agusta ya wuce, ga wata huɗu na sauƙi kafin bazara. Wanda ba ya da tabbacin ruwa ya dasa farkon Yuli, a kan tudu mai kyau.

Mataki na huɗu: ban ruwa mai jan saiwa waje

Wata rana da la'asar ina tsaye da bokiti ina kwarara ruwa a jikin kututture, sai dattijon da garkarsa ke maƙwabtaka da tamu ya leƙo ta kan darni.

"Ɗana, mi kaka yi nan?"

Na ce, "Baba, ban ruwa nake yi."

Ya girgiza kai. "Icce ba shi shan ruwa ga gindi. Bakinai na can inda inuwatai tat tsaya."

Bai taɓa ganin zaitun ba kafin nawa, mangwaro da gwaiba ya sani, amma maganarsa ta fi dacewa da zaitun fiye da su. Saiwa tana tsiro ne inda ta samu laima. In kullum a gindi kake zubawa, kaɗan-kaɗan, za ta taru a nan, a sama-sama, inda rana ta fi dukan ƙasa, kuma ranar da injin rijiyarka ya lalace iccen ba ya da wata madogara.

Ka yi ƴar kwarkwaɗa zagaye da tudun, ruwa ya riƙa tsayawa a ciki ba ya taɓa kututture. Watannin farko ta kasance taƙi biyu daga dashen. Duk bayan wata shida ka matsar da ita waje, kullum tana gaban inuwa kaɗan, saiwa na bin ta. A shekarar farko a jigawa, jarka ɗaya mai lita 20 sau ɗaya a mako da hunturu, sau biyu ko uku daga Maris zuwa saukar ruwa. Shekara ta biyu ka ninka yawan ruwan ka rage yawan zuwa. Daga ta uku, sha mai nauyi duk kwana goma zuwa sha huɗu ya fi yayyafi kullum. Waɗannan ma'auni na garkata ne. Naka alƙalin hannunka ne. Tona taƙi ɗaya a bakin inuwa ka dunƙula ƙasar. In ta dunƙulu ta riƙe, jira. In ta wargaje, lokaci ya yi. Washegarin ban ruwa ka soka rodi: inda ya tsaya, nan ruwan ya tsaya. Kana son ya shiga santimita 50 ko fiye.

Ga mai ƙarancin ruwa, babu kamar tulu. Ka samu tulun ƙasa wanda ba a shafe shi ba, ka binne shi har wuya kamu guda daga dashen, ka cika, ka rufe bakin da kasko. Ruwa yana tsattsafowa ta jikinsa gwargwadon yadda ƙasa ta bushe. Bayan shekara na tone gefen ɗaya daga cikin nawa, na tarar da fararen jijiyoyi sun lulluɓe shi kamar an saƙa masa riga. Sai dai ka sa biyu, gabas da yamma, domin a zaitun kowace babbar saiwa tana da ɓangaren rassan da ta fi ciyarwa, in gefe ɗaya kaɗai ke sha za ka ga iccen ya karkace. Su ma tulunan ka matsar da su waje duk shekara.

Kada ka horar da ƙaramin icce da ƙishirwa wai don ya saba. Juriyar tana zuwa ne bayan tarun ya bazu, shekara uku ko huɗu. Haka kuma in Allah ya sa ka ga fure, daga nan har ƴaƴan su ƙulla kada laima ta yanke. Da damina kuwa ka ajiye bokiti, ka fasa bakin kwarkwaɗar ta gefen gangare ruwa ya wuce. A fili mai gangare, irin kunyar nan mai siffar rabin wata da manoman Tawa suke yi a Nijar tana da amfani, amma iccen ya zauna a kafaɗar kunyar, ba a cikin kwarin da ruwa ke taruwa ba.

Mataki na biyar: rufe ƙasa

Tsirara ƙasa a watan Afrilu takan haura digiri 50 a samanta da tsakar rana. Babu siririyar jijiyar da za ta rayu a taƙin farko na irin wannan wuri. Ka shimfiɗa karan gero da aka sassara, ɓawon gyaɗa, buntun shinkafa ko busasshen ganye, kaurin yatsu biyar zuwa shida, daga ƙarƙashin inuwa har gaba da ita. Ka bar tafin hannu biyu tsakaninsa da kututture. Sa hannunka ƙarƙashinsa da azahar ka ji bambanci. Yana rage ƙafewar ruwa, yana hana ƙasa yin ɓawo, kuma a hankali yana ruɓewa ya zama abin da ke ɗaure ƙwayoyin yashi su riƙe laima.

Na san za a ce gara. Gaskiya ne za ta zo. Amma gara mai cin busasshen kara tana huda ƙasa, ramukanta su ne hanyar da ruwa ke bi ya nutse. Da ita masu tassa, wato ƴan ramukan shuka da ake zuba wa taki, suke farfaɗo da fako. Hatsarinta yana kan iccen da ya galabaita ko wanda kara ya jingina da jikinsa. Ka riƙa duba kututture duk mako, in ka ga ta fara gini ka kankare, ka barbaɗa toka ko dakakken ƴaƴan dogon yaro a zagaye. Turken busasshen icce ma yana janyo ta, ka cire shi da zarar dashen ya tsaya da kansa.

Garmar shanu kada ta kusanci inuwa. Duk noman da ya wuce santimita 10 yankan bakin icce ne. Ciyawa a cire ta da hannu ko a shafce sama-sama da kwasa, a bar ta nan ta bushe. Wake da gyaɗa za su iya zama a tsakanin layuka, mita biyu daga gindi. Taki kuma sau ɗaya a shekara, farkon damina, a ƙarƙashin rufin, a bakin inuwa.

Idan ruwan burtsatsenka yana da ɗan gishiri, za ka ga farin zobe a gefen inda ruwa ke tsayawa, bakin ganye kuma yana ƙonewa. Zaitun yana iya tsare gishiri a saiwa ya hana shi hawa, amma ƙasa mai gishiri tana riƙe ruwa ta hana shi, iccen ya yi ƙishirwa a cikin laima. Duk wata ka yi sha ɗaya mai nauyi ƙwarai ya wanke shi ƙasa. Ka kula da yayyafin farko na Mayu ko Yuni, shi ne ke narkar da zoben ya tura shi kan saiwa. Ranar ka bi shi da ruwa mai yawa.

In iccen ya canja fuska

Ƙishirwa da shaƙewa kamanninsu ɗaya daga nesa, domin a duka biyun ruwa ba ya isa ganye. Mai ƙishirwa ganyensa yakan nannaɗe ya miƙe sama, ya nuna azurfar cikinsa, ya dusashe. Yin haka da azahar a bazara ba komai ba ne. In ya kwana bai warware ba zuwa asuba, to yana kira. Wanda ruwa ya shaƙe yakan yi rawaya, ganye ya zube, ƙasa kuwa jiƙe. Kada ka ɗauki bokiti sai ka tona ka gani.

In ruɓewa ce, janye rufin, yanka hanya ruwa ya fita, ka buɗe wuyan iccen ya sha iska, ka daina ban ruwa. In fari ne ya daɗe, busasshen yashi yakan ƙi ruwa da farko, ya gangare ta sama. Ka ba shi kaɗan da yamma, ka dawo da safe ka ƙara, sannan ka yi sha mai nauyi. Ba zai farfaɗo a rana ɗaya ba, sai ya fitar da sababbin jijiyoyi sun sake mannewa da ƙasa, abin da kan ɗauki mako biyu ko uku. A wannan lokaci kada ka sa taki. Ka rage ƴan rassa don buƙatarsa ta yi daidai da saiwar da ta rage.

Idan ma saman ya bushe ƙurmus, kada ka yi saurin tumɓukewa. A gindin zaitun, daidai fuskar ƙasa, akwai wasu ƙusoshi da ke ajiye abinci da idanun tsiro. Kankare ɓawo da farce daga sama kana saukowa. Inda ka ga kore, yanke daga nan. Ɗaya daga cikin takwas ɗina haka ya yi a bazarar da injinmu ya tsaya kwana ashirin. Na sare shi taƙi biyu daga ƙasa, na ci gaba da cika tulunansa. Kwana goma sha takwas bayan ruwan farko ya fito da toho bakwai. Na bar uku har suka yi kamu biyu, sannan na zaɓi mafi ƙarfi na ɗaure shi a turke. Idan naka mai aure ne, ka tabbata tohon da za ka bari daga saman mahaɗin auren ya fito, domin na ƙasa da shi na uwar gindi ne, ba irin da ka saya ba.